Itacen Jego da Tulunan Baba Daniyel

Shekara guda ke nan da 'yan watanni da dawowata daga ƙasar Kamaru, amma har yau matan zumuntar majami'armu sun hana ni sakat. Da mun tashi daga sujada sai a tare ni a ƙofa: "Rifkatu, wai da gaske ganyen rogo suke ci?" A kasuwar Kafur ma wata da ban taɓa gani ba ta riƙe mini mayafi, tana tambaya ko ni ce wadda ta ƙona wa surukinta ƙudaje. To, ni ce. Bakina ya gaji da maimaici, ga kuma Talatu, ƙanwar maigidana da muka yi tafiyar tare, duk inda ta zauna sai ta ƙara wa labarin gishiri. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna, kada karatun yaƙi da jahilcin da na yi ya tafi a banza.

Abin da ya fitar da ni haihuwa ce. 'Yata ta uku, Hannatu, tana auren wani yaron kirki mai suna Yusufu, mutumin Kamaru, wanda ya zo koyon aikin ba da magani a nan wajenmu. Da ya gama sai ya ɗauke ta suka koma ƙauyensu kusa da Ngaundare. A al'adarmu mai haihuwar fari gida take dawowa wanka, amma wa zai ɗora mai tsohon ciki a kan wannan doguwar hanya? Da saƙo ya zo cewa ta sauka lafiya, an samu namiji, sai ya zama ni ce zan je.

Amma ban bar gida da kwanciyar rai ba. Maigidana, Malam Iliya, tun daminar da san huɗa ya make shi a kwankwaso bai koma daidai ba. Yana takawa da sanda, amma jan jigon ban ruwa ya gagare shi. Lambun da ya gada a fadama, inda ya yi shekaru yana fitar da albasa da tumatir, rani guda ya kwana ba a shuka komai ba. 'Ya'yanmu maza kuwa duk suna birni. Mutumin da da ba ya zama ko na cin tuwo sai ga shi yini guda a gindin bedi, wato dogon yaro, ba ya hira, ba ya faɗa, ko tuwo ya yi gudaji ba ya cewa uffan. Wannan shirun ya fi ciwon ƙafar damuna. Maƙwabcinmu na fadama, Alhaji Sule, wanda ya sayi injin ban ruwa, ya nemi a ba shi aron lambun ya riƙa nomawa. Ba da mugun nufi ba ne, mutumin arziki ne. Ranar da zan tashi Malam ya ce mini, "In kin dawo zan kira Alhaji in miƙa mai. Mi zan yi da lambu?" Na san in lambun ya tafi, shi ma sauran da ya rage masa ya tafi. Da wannan a zuciya na hau mota.

Mun tashi bayan an gama kai amfanin gona gida. Kayana kuwa sun fi ni nauyi: garin gero, kanwa dunƙule-dunƙule, yajin jego, daddawa, kuka, da tsintsiya biyu, don ban san irin tsintsiyar mutanen ba. Daga Malumfashi zuwa Funtuwa zuwa Zariya ba labari, hanyar gida ce. Talatu ce kawai ta fara halinta, ta ce wa kwandasta ni matarta ce, ta fito da ni yawon buɗe ido, ya kula da ni kada a sace. Tun ina amarya take kirana matarta, ga shi har mun yi furfura ba ta daina ba.

A Jos muka fara kwana, gidan wani malamin makaranta ɗan garinmu. Sanyin garin nan ban ga abin da mutane suke yabo ba. Na kwana da zane uku da buhun kaya a kan ƙafata, da safe matar gidan ta kawo dankalin Turawa soyayye, Talatu ta ci ta ce wannan ai abin taɓawa ne, ina abincin yake. Daga nan muka bi Bauchi da Gombe a wata doguwar mota da direbanta yake tsayawa gaida 'yan uwansa a kowane gari. Wajen Numan taya ta fashe, aka sauke mu duka a bakin hanya, muka zauna muna cin rake muna kallon mazan motar, kowa yana koya wa mai gyara aikinsa.

Zaman nan ne ya haɗa mu da Hajiya Dudu, wata 'yar kasuwa mai safarar atamfa tsakanin Yola da Garwa. Doguwa ce, mai haƙorin Makka, tana magana kamar mai ba da umarni. Da ta ji inda za mu, ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ku biyun nan, in na bar ku, a iyaka za ku yi arba'in ɗin." Ita ta sauke mu a gidanta a Yola, ta ba mu ɗaki da tuwon masara da miyar kifi, ta duba takardunmu da katin allura, ta kuma koya mana gaisuwar Fillanci, don ta ce can Fillanci ne Hausarsu. Ta yi sallarta, mu muka yi addu'armu, kowa a gefensa. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, amma ta riƙe mu kamar cikinmu ɗaya.

Iyakar kuwa kogi ne mai faɗi, yawancinsa yashi, ruwan yana can tsakiya. Muka ɗauki kaya a ka muka taka yashi, sannan aka zuba mu a kwalekwale. Talatu mai bakin nan tunda muka shiga ta kama gefen jirgin ta rufe ido tana rera waƙar sujada, ba ta tsaya ba sai da muka taɓa tudu. A can muka tarar da jandarma, wato 'yan sandansu, cikin gajeren ɗaki. Ɗaya ya kwance ƙullin kanwata, ya ɗaga dunƙule yana jujjuyawa, ya yi wani dogon Faransanci. Hajiya Dudu ta ce yana tambaya ko dutsen haƙar ma'adini ne muke fitarwa. Na ce a gaya masa ta kunun mai jego ce. Bai yarda ba, sai ya kai baki ya lasa. Yadda fuskar bawan Allahn nan ta yamutse, har abokan aikinsa sai da suka riƙe ciki. Ya maido mini da kayata da hannu biyu, ya ce mu wuce, Allah ya ba mai jegon haƙuri.

A wata mararraba muka rabu da Hajiya, ita ta yi Garwa, mu ta sa mu a motar Ngaundare bayan ta ja wa direba kunne. A nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar taɓarya, ba a naɗe shi da komai, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya. Ɓawonsa ya kusa cire wa Talatu haƙori. Mota ta yi ta hawan dutse tana nishi har kunnena ya toshe, sannan muka fito wata ƙasa ja, mai sanyi-sanyi, shanu ko'ina.

Yusufu ya tarye mu a tasha ya kai mu ƙauye. Da na ga Hannatu a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, na yi niyyar daurewa kamar yadda ya kamata uwa ta yi a gidan surukai, amma hawaye suka ƙi. Yaron kuwa goshin kakansa Malam ya kwaso kaf.

Mahaifin Yusufu, Baba Daniyel, tsoho ne ƙanƙani, ya girmi maigidana nesa ba kusa ba, yana jan ƙafa ɗaya tun wani ciwo da ya yi yana saurayi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, don ya taɓa zama Yola. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne abinci: tebur ɗaya, shi da ɗansa da matar ɗansa, har da mu baƙi, kowa yana kallon bakin kowa. Hannatu tana miƙa masa gishiri tana ce masa Baba ci, ko sunkuyar da kai babu. Ni da na yi shekaru a gidan surukina bai taɓa ganin ina tauna ba! Tuwon rogo ne da miyar ganyen rogon da kuke tambaya, an daka shi da gyaɗa. Talatu ta raɗa mini cewa a gida ko akuya ba ma bari ta ci wannan. Ta faɗi haka, sannan ta nemi ƙari.

Wankan jego ma ba su san irin namu ba. Ruwan ɗumi kawai suke ba mai haihuwa, shi ke nan. Na ce ba a kan 'yata ba. Na kafa babbar tukunya a bayan ɗaki, safe da yamma ruwa yana tafasa, ina fyaɗa mata da ganye, ina dama kunun kanwa. Matan ƙauyen suka riƙa leƙowa ta danga suna tausaya wa Hannatu, wai uwarta ta zo dafa ta.

Wata safiya Baba Daniyel ya ce mu zo mu ga lambunsa. Ni matar mai lambu ce, ba a burge ni da wuri, amma na tsaya baki buɗe. Rani ne, ciyawar waje duk ta bushe, nan kuwa rumfuna ne jere, wani abu mai yaɗo kamar soso ya lulluɓe su kore shar, 'ya'ya suna reto kamar ƙwan agwagwa, wasu kore wasu rawaya. Ya ce sunansa marakuja, ya samo irinsa a gonar wasu Turawan mishan da ya yi wa aiki. Na duba ban ga jigo ba, ban ga inji ba, ban ga ko kwalbatin ruwa ba. Sai rijiya ƙarama da guga.

Talatu ce ta fara ganin tulunan. A gindin kowace shuka an binne tulu har wuya, an kife masa kasko. Ta ja mini zane ta ce, "Matata, mu koma. Mutanen nan ba su bar tsafi ba. Kin taɓa ganin an binne tulu don alheri?" Ni ma gabana ya faɗi, don mu jikokin masu tsafin ne, mun san abin da ake binnewa. Tsohon ya lura da mu, ya yi dariya har da tari, ya ɗaga kasko ya ce in sa hannu. Na sa ina addu'a a zuci. Ruwa ne, mai sanyi, ba laya ba gashin kaza.

Ya tona gefen tulun da yatsa ya nuna mini: ƙasar a jiƙe, saiwoyi farare sun nannaɗe cikin tulun kamar yaro ya rungume uwa. Ya ce sabon tulu ne wanda ba a shafe shi ba, irin mai zufa. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, shuka tana shan abin da take so, rana ba ta samun nata rabo, ciyawa ma ba ta samu. Sai a yi kwanaki kafin ya sake cikawa. Ya ja mini kunne cewa tsohuwar tukunyar miya ba ta yi, maiƙo ya toshe ta. Takin zamani kuwa bai taɓa shiga lambun ba. Kashin shanu ne ruɓaɓɓe da toka, ya rufe gindin da busasshiyar ciyawa, in ƙwari sun dame shi ya jiƙa ganyen bedi ya yayyafa. Na ce masa mu can ƙasar auduga ce, in ba a yi feshi ba ba a ga noma ba. Ya girgiza kai ya ce feshi bai san abokin gaba da ɗan gida ba. Ban gane abin da yake nufi ba a lokacin, kuma ban tambaya ba.

Ya tsinci ɗaya a ƙasa, wanda ya yamutse kamar fuskar tsohuwa, irin wanda ni zan jefar. Ya ce shi ne nunanne, ba a tsinka a sama, sai ya faɗo da kansa. Ya yanka. Ciki 'ya'ya ne baƙaƙe cikin wani ruwa mai yauƙi, ga ƙamshi ya cika wurin. Tsaminsa ya kai tsamiya, amma da Hannatu ta tace shi da ruwa da ɗan zuma, sai da na sha kofi biyu.

Yanzu ga zancen ƙudajen. Baba Daniyel ya tafi taron dattawan majami'a a wani gari na 'yan kwanaki, Yusufu yana wajen aiki, itacen da ya saya kuwa ya ƙare, don yaron bai san yadda tukunyar jego take cin wuta ba. Ni kuma ba zan tsallake wanka ko na rana ɗaya ba. Sai na tuna na ga wasu gumagumai a lambu, an jingina su a inuwar rumfuna, busassu ƙayau, duk sun ɓuɓɓule. Na ce wa Talatu tsohon nan ba shi da mata, ga itace yana ruɓewa ba mai amfani da shi, bari mu rage masa shara. Muka kwaso, na sa gatari. Ina faskarawa wasu manyan ƙudaje baƙaƙe suna fitowa suna gunji, irin masu ɓula azarar ɗakin nan da muke kashewa a gida. Talatu ta bi su da faifai tana kirari. Itacen ya ci wuta kamar an zuba masa kananzir, har na yaba.

Ranar da tsohon ya dawo, lambu ya fara shiga kafin ɗaki. Shiru, shiru, bai fito ba. Can ya zo bayan ɗaki inda nake hura wuta, ya tsuguna da ƙyar, ya zaro wani guntun gungume daga murhu, ya kashe wutar a ƙasa, yana duba ramukan ɗaya bayan ɗaya. Hannatu ce ta leƙo, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Inna, gidan ƙudajen Baba kika ƙona?"

Ashe furen marakuja ba ya zama ɗa sai an ɗauko garin fure daga wata shuka an shafa masa. Ƙudan zuma ya yi ƙanƙanta, sai dai ya kwashe garin ya tafi. Waɗannan manyan ne kaɗai in sun shiga furen bayansu yake gogar inda ya kamata. Shekara da shekaru tsohon yana yawo daji yana kwaso musu gumagumai don su zauna kusa, kuma saboda su ne ba ya feshi. Ni kuma na zo daga ƙasar Katsina na dafa ruwa da su.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙuwa, a gidan surukan 'yata, na yi wa mutum ɓarna a abin da ya fi so. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban sani ba. Na ɗauka taimako nake."

Ya ajiye guntun gungumen. Sannan ya ce, "Maman Hannatu, saboda uwar jikana kika hura wutar, ba zan yi fushi ba. Waɗanda suka tsira za su dawo in na kawo sabon itace, amma ba yanzu ba. Fure kuwa ba ya jira." Ya dubi hannuwana ya ce, "Kin kori ma'aikatana. Gobe in rana ta take, ke ce ƙuda."

Haka aka yi. Furen nan ba ya buɗewa sai rana ta raba, kafin duhu kuma ya rufe, ya gama ke nan. Kyakkyawa ne, fari da shuɗi-shuɗi, da gashi kewaye. Tsohon ya ɗauko kujera 'yar tsugunne ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya nuna mini: ka shafi garin da ɗan yatsa a furen wannan layi, ka je wancan layi ka taɓa kawunan nan uku da ke tsakiyar fure, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Daga nan ka ɗebo na can ka kawo nan. Talatu ta yi rana ɗaya ta ce wuyanta ya ƙage, kuma ita ba a haife ta ƙuda ba, ta koma raino. Ni na ci gaba har ranar da muka taho. Da na ga furannin da na taɓa sun fara zama 'yan ƙwallaye kore, na yi murna kamar yarinya.

A ƙarƙashin rumfar nan tunanin ya zo mini. Ina kallon tsohon yana jan kujerarsa daga shuka zuwa shuka, ya ɗaga kasko ya leƙa, ya miƙa yatsa ya taɓa fure, yana 'yan waƙoƙinsa da yarensu. Duk aikin ba inda ake buƙatar kwankwaso. Na ba shi labarin Malam da jigo da Alhaji Sule. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ƙasarku ta fi nan zafi, sai ki yi masa inuwa yana ƙarami, ki ƙara yawan ciyawa a gindi. Amma kada ki ce masa kin kawo masa aikin gurgu. Ni da an ce mini haka da ban fara ba." Ranar tafiya ya ba ni iri ƙulli biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wani abokinsa a ƙauyen gaba, ya ce in shuka su layi daban-daban don su samu na aure.

Dawowa ba ta yi wuya ba, mun riga mun san hanya. Jandarman nan ya gane mu, ya tambayi lafiyar mai jego, bai ko taɓa kayanmu ba. Irin kuwa yana ɗaure a bakin zanena har gida.

Na tarar da Malam inda na bar shi, ya ƙara rama. Ya tambayi yaro, ya tambayi hanya, sannan ya ce, "To, gobe sai in aika wa Alhaji." Na ce ya aika, amma ina roƙon a bar mini kusurwar da ke bakin rijiya, ina da ɗan abin da zan gwada. Ya ce mace da lambun rani? Na ce a'a, wasa ne kawai irin na Kamaru. Ya ɗaga kafaɗa. Alhaji ya karɓi sauran a kan aron shekara guda, in ta zagayo a sake magana.

Na yi renon irin a tsofaffin kwanoni a bayan ɗaki. Na je wajen Ladi mai ginin tukwane na ce ina son tuluna, kada ta shafe su, kada ta goge. Ta ce sai dai kada in faɗa wa kowa ita ta gina. Na binne su, na dasa, na rufe da ciyawa, mutanen fadama suna wucewa suna kallona ta wutsiyar ido. Da yaɗo ya fara neman abin kamawa sai na kafa rumfa da kaina. Allah ya sani na iya ɗaurin da ya fi wannan, amma na bar ta a karkace, ginshiƙi ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon garin Musawa. Da yamma na ce wa Malam ko zai taka ya duba mini, don mutane suna dariya.

Ya je yana ɗingishi yana mita. Da ya ga rumfar sai ya tsaya ya riƙe baki. "Wannan a lambun ubana? Wa ya koya maki ɗauri? Ko akurkin kaji ba a yi mai haka!" Rabon da in ji ya yi faɗa har na manta, daɗi ya kama ni sai da na juya baya. Ya sa na tumɓuke duka, ya zauna a kan turmi yana nuna inda za a haƙa, shi yana ɗaurewa. Yana cikin haka ya ɗaga kasko ɗaya ya leƙa, ya tona gefe da yatsa. Ya tambaye ni yaushe na cika shi. Na faɗa masa. Ya ce ƙarya nake. Washegari ya riga ni zuwa don ya kama ni, daga nan kuma bai daina zuwa ba. Guga ƙarami ya ɗaura, yana ja daga zaune.

Damina ta wuce, yaɗo ya rufe rumfa, fure ya fito. Manyan ƙudajen nan kuwa ko ɗaya babu a fadamarmu, gonakin auduga sun kewaye mu, feshi ya gama da su. Sai na nuna masa aikin yatsa. Ya ce shi da girmansa ba zai zauna yana shafa fure ba. Kwana kaɗan na same shi yana koya wa Alhaji Sule, yana kuma roƙonsa in zai yi feshin tumatir ya bari sai iska ta juya.

Ranar da na fari ya faɗo, a hularsa ya kawo shi gida. Ya kira ni, ya kira Talatu, ya zauna ya yanka da wuƙarsa, ya kai baki. Idonsa ya rufe, wuyansa ya shige kafaɗa.

"Rifkatu," in ji shi, "a kan wannan abu mai tsamin tsiya na yi shekara ina jan ƙafa?"

Na ce ai da zuma ake sha. Ya ce a kawo zumar. Ya sha, ya lashe baki, ya miƙa kofin a ƙara. Talatu ta ce, "Yaya, ga shekara ta zagayo. Jiya Alhaji yake tambaya ko a bar mai lambun gaba ɗaya."

Malam ya ajiye kofin ya harare ta. "A bar mai mi? Ki ce mai in ya kwashe tumatirinshi ina son layi huɗu daga wajen rijiya, baɗi kuma mu gani." Ya juyo gare ni. "Ke kuma ki je wajen Ladi tun yau ta fara gini. Ki ce mata masu zufa nike so, kada ta kawo mani na kwalliya."

Na ɗauki mayafina na fita da sauri, don ban so su ga ina kuka ba. Ina bakin ƙofa na ji yana ƙwala mini kira, wai in tsaya, shi zai je da kansa, ni ban san tulu ba.